Wa Ke Duba Aikin Mai Wayarin? Darasi Daga Cajojin Motocin Lantarki a Birtaniya

A shekarar 2021 aka ji sakamakon wani bincike da gwamnatin Birtaniya ta sa aka gudanar a kan cajojin motocin lantarki da aka kakkafa a gidajen jama'a da tallafin kuɗinta. Ofishin da ke kula da motoci marasa hayaƙi, wanda ake kira OZEV a taƙaice, shi ya ɗora wa cibiyar Cenex aikin bin gidaje ta duba wani kaso na ayyukan. An duba guda 371. A cikinsu an tarar da 66 suna ɗauke da aibin da ko dai haɗari ne a take, ko kuma yana iya rikiɗewa ya zama haɗari. Kusan ɗaya cikin biyar ke nan.

Waɗanda suka yi waɗannan ayyuka ba 'yan bayan fage ba ne. Sharaɗin tallafin shi ne sai kamfanin da ofishin ya amince da shi ne zai kafa cajar, kuma kowane aiki yana ƙarewa ne da takardar shaida mai ɗauke da sa hannun wanda ya ce ya gwada, ya ga komai daidai. Mai gida ya biya kuɗinsa, ya karɓi takardarsa, ya jona motarsa, koren haske ya kama. Ba shi da dalilin zargin komai, domin irin waɗannan aibobi ba sa hana caja aiki.

Ra'ayina shi ne wannan: a aikin da mai saye ba zai iya gane nagartarsa da idonsa ba, barin mai aiki ya shaidi kansa bai wadatar ba, komai kyawun littafin ƙa'idoji. Dole a sami wani na dabam, wanda ba ya cin abinci a hannun mai aikin, da zai riƙa zaɓar ayyuka ba tare da sanarwa ba, ya buɗe akwati, ya sa na'urar gwaji. Kuma wannan bin diddigi ya kamata ya zama dindindin. Kafin a yarda da haka ko a ƙi, sai an fahimci abin da ke faruwa a cikin wayar.

Abin da ya raba caja da sauran kayan wuta

Gidan Bature ya saba da kaya masu cin wuta. Butar lantarki tana jan kilowat 3, amma cikin 'yan mintuna ta tafasa ta kashe kanta. Cajar mota ta gida kilowat 7 take ja, wato amfiya 32 a kan wuta mai ƙarfin bolt 230, kuma ba ta numfasawa. Motar da batirinta ke ɗaukar kilowat-awa 60 za ta kwashe awa takwas zuwa tara tana sha, galibi da tsakar dare, mutanen gida suna barci. Babu wani abu a gidan da ke ɗora wa waya irin wannan nauyi na tsawon wannan lokaci.

Zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wutar da ke bi ta cikinta. Ya fi ta sauri. In an ninka wutar sau biyu, zafin ya ninku sau huɗu. Saboda haka sukurun da ba a ɗaure shi yadda ya kamata ba, wanda zai yi shekara ashirin lafiya lau a layin fitilu, a layin caja zai riƙa ɗumama kowane dare yana hucewa da safe. Tagulla tana buɗewa tana tsukewa, haɗin yana ƙara saki, zafin yana ƙaruwa, har ranar da robar za ta narke. A ranar da aka gama aiki babu wanda zai ga alamar haka.

Sai kuma batun ƙarfin gidan baki ɗaya. Babban fis ɗin da kamfanin rarraba wuta ke sawa a ƙofar shigar wuta yakan kasance na amfiya 60, ko 80, ko 100. A ɗauki tsohon gida mai fis na 60, da shawa mai ɗumama ruwa da lantarki ta kilowat 9.5, wadda ke jan kimanin amfiya 41. In aka kunna ta mota tana caji, an kai 73, ba a ma lissafa murhu ko injin wanki ba. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a lissafa caja da cikakken ƙarfinta, sai fa in an haɗa ta da abin da zai rage mata gudu idan gida ya yi nauyi. Abin da ke yin wannan aiki wani ɗan zobe ne da ake maƙala wa babbar wayar gida, yana auna wutar da ke shiga yana sanar da caja. In mai aiki ya maƙala shi a wayar da ba ita ba, ko ya juya shi baibai, cajar za ta ci gaba da aiki kamar kullum. Kariyar ce kawai ta tafi, kuma babu ƙararrawar da za ta faɗa.

Nauyin bai tsaya a gida ba. Taransifomar unguwa an auna ta ne bisa tsammanin gidaje ba za su kunna komai a lokaci ɗaya ba, har ya zama an ware wa kowane gida kimanin kilowat 2 ko ƙasa da haka. Caja guda ta ninka wannan fiye da sau uku. Don haka aka wajabta wa mai kafa caja ya sanar da kamfanin rarraba wuta: cikin kwana 28 bayan aiki idan nauyin gidan bai wuce amfiya 60 ba, ko kuma ya nemi izini tun kafin ya taɓa waya idan ya wuce. Cajar da ba a sanar da ita ba nauyi ce da kamfanin bai san yana ɗauke da ita ba.

Haɗarin da ido ba ya gani

Littafin ƙa'idojin wayarin na Birtaniya, mai lamba BS 7671, tsoho ne: bugunsa na farko ya fito a 1882, na 18 kuma a 2018. Sashe na 722 a cikinsa an keɓe shi ga cajin motoci, kuma gyaran farko da aka yi wa bugu na 18, a Fabrairun 2020, a kan wannan sashe aka yi shi. Dalilin gyaran shi ne matsalar da ta fi kowace wuyar fahimta, kuma ta fi kowace ban tsoro.

A kowane gida akwai wayoyi uku: mai kawo wuta, mai mayar da ita wadda masu sana'a ke kira nutiral, da wayar ƙasa, wato atin, wadda ake ɗaure wa jikin duk wani kayan ƙarfe domin in wuta ta ɓalle ta sami hanyar tserewa ba ta jikin mutum ba. A gidaje da yawa na Birtaniya, kamfanin wuta ba ya jawo wayar ƙasa dabam. Waya ɗaya ce ke yin aikin nutiral da na atin tun daga taransifoma, sai a bakin mita ake raba su. Wannan haɗaɗɗiyar waya ita ake kira PEN. Tsari ne mai araha, kuma yana aiki lafiya muddin wayar tana nan.

To idan ta tsinke fa? Ruwa yakan ci haɗinta a ƙarƙashin titi, ko masu haƙa su sare ta, ko iska ta karya ta a kan turke. Ana samun ɗaruruwan rahotannin irin wannan a ƙasar duk shekara. Da zarar ta tsinke, wuta tana shiga gida amma ba ta da hanyar komawa, sai ta taru a kan duk ƙarfen da ke ɗaure da atin, ƙarfinta yana iya kusantar bolt 230. A cikin gida da sauƙi, domin an ɗaure bututun ruwa da na gas da sauran ƙarafa wuri ɗaya, duk suna mataki ɗaya, mutum ya zama kamar tsuntsun da ke zaune a kan wayar turke. A waje lissafin ya canza. Mota ƙaton ƙarfe ce zaune a kan tayoyin roba, jone da atin ɗin gida ta wayar caji. Mutumin da ya fito da safe, ƙafarsa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya kama hannun ƙofa, shi ne ya zama hanyar da wutar ke nema. Bireka ba za ta faɗi ba, domin ba ta ga nauyin da ya wuce kima ba.

Sashe na 722 ya ba da mafita fiye da ɗaya. Ana iya kafa wa cajar sandar ƙasa tata ta kanta a raba ta da atin ɗin gida. Ana iya sa na'urar da za ta yanke dukkan wayoyi, har da ta ƙasa, cikin daƙiƙa biyar idan ƙarfin wuta tsakanin jikin mota da ƙasa ya haura bolt 70. Ana kuma iya sa wadda za ta yanke idan wutar da ke zuwa ta fita daga tsakanin bolt 207 da 253, domin hakan alama ce ta tsinkewar PEN. Kowace hanya da tarkonta. Sandar ƙasa sai an auna ta, domin littafin da kansa ya yi gargaɗi cewa wadda juriyarta ta wuce om 200 ba abin dogaro ba ce; kuma wanda ya buga ta ba tare da ya san abin da ke binne ba yana iya fasa bututun gas. Cajoji da yawa na zamani suna zuwa da na'urar yankewa a cikinsu, amma ba duka ba, kuma mai gida ba zai bambance su da kallo ba.

Akwai kuma na'urar da ake kira RCD, wadda ita ce mai tsaron rai a kowane gida. Aikinta kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ta ga giɓin miliamfiya 30, ta san wuta tana zurarewa ta wani wuri, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke nan take. Amma batirin mota da wuta miƙaƙƙiya yake aiki, wato DC, ba mai kai-da-komo irin ta gida ba. Idan ɗan kaɗan na wannan miƙaƙƙiyar wuta ya zuraro baya ta layin caja, yana iya toshe wa tsohuwar RCD ido, ta kasa ganin haɗarin da aka ajiye ta dominsa. Shi ya sa ƙa'ida ta hana amfani da nau'in AC a layin caja. Sai dai nau'in B, ko nau'in A haɗe da abin da zai yanke in miƙaƙƙiyar wutar ta wuce miliamfiya 6. A ido, duka nau'o'in farin akwati ne mai maɓalli. Bambancinsu 'yar alama ce da ba ta kai farce ba, da kuma farashi.

Mai karatu zai lura da abin da ya haɗa waɗannan aibobi. Kowannensu yana kwance ne shiru har sai wani abu na biyu ya faru: waya ta tsinke a titi, ko yaro ya taɓa, ko an kunna shawa a daren sanyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsaga ce da mai gida ba zai taɓa gani ba.

Littafi yana nan, mai dubawa ne ya yi ƙaranci

BS 7671 ba doka ba ce a karan kanta. Abin da ya ba ta haƙora a gidajen Ingila shi ne Sashe na P na dokokin gini, wanda ya fara aiki a Janairun 2005. A ƙarƙashinsa, jan sabon layi kamar na caja aiki ne da dole a sanar da hukuma. Manyan hanyoyin biyu ne: ko a kira sashen kula da gine-gine na ƙaramar hukuma ya duba, ko kuma mai aikin ya kasance cikin ɗaya daga ƙungiyoyin rajista da gwamnati ta amince da su, irin su NICEIC da NAPIT, ya shaidi aikinsa da kansa. Kusan kowa ta biyun yake bi, don ta fi sauri kuma ta fi araha.

Ƙungiyoyin nan suna duba membobinsu, galibi sau ɗaya a shekara, a kan 'yan ayyuka kaɗan. Sai dai tsarin yana da rauni uku. Na farko, ziyara ce da aka san ranarta, kuma kowa ya san yadda ake share gida ranar da baƙo zai zo. Na biyu, kamfani ake yi wa rajista, kuma mutum ɗaya ake jarrabawa a matsayin ƙwararren mai sa ido, shi ne zai riƙa sa hannu a kan ayyukan sauran ma'aikata, waɗanda ba lallai ne ya taka wurin da suka yi aikin ba. A Birtaniya babu dokar da ta hana kowa kiran kansa mai aikin lantarki. Wani kwamitin Majalisar Wakilan ƙasar ya soki wannan tsari na mai sa ido tun a 2014, kafin cajojin mota su zama ruwan dare. Na uku, kuɗin da ke riƙe da ƙungiyoyin daga aljihun membobin da suke dubawa yake fitowa, kuma ƙungiyoyin suna gasar neman membobi. Ba sai an zargi kowa da rashin gaskiya ba kafin a ga cewa wanda ke ciyar da alƙali yana da sauƙin shari'a.

Binciken Cenex ya bambanta ne domin wanda ya biya kuɗin aikin shi ya aiko a duba, kuma ikon yin hakan ya fito ne daga sharuɗɗan tallafin. Tallafin ya kai fam 500, aka rage shi zuwa 350 a Afrilun 2020, sannan a ƙarshen Maris na 2022 aka rufe shi ga masu zaune a gidajen kansu, aka bar shi ga 'yan haya da mazauna benaye masu ɗakuna da yawa. Wata uku bayan haka, a Yunin 2022, Sashe na S na dokokin gini ya wajabta sa caja a sababbin gidaje masu wurin ajiye mota a Ingila. A ƙarshen watan kuma dokar cajoji masu basira ta fara aiki, wadda ta tanadi cewa caja ta zo a saite don kauce wa lokutan cunkoson wuta. Wannan doka na'urar da ake sayarwa take dubawa, ba hannun da ya ɗaura ta a bango ba. Wato a daidai lokacin da cajoji suka fara yawaita, ƙofar da aka leƙa ta ciki aka ga ɓarnar ita ce ta ƙuntata. Gwamnati kuwa tana nan a kan shirin daina sayar da sababbin motoci masu amfani da fetur ko dizal zalla a 2030, abin da ke nufin miliyoyin cajoji na tafe.

Abin da masu adawa ke cewa

Akwai hujjoji uku da suka cancanci amsa. Ta farko ita ce, ina gawarwakin? Cajoji sun cika ƙasa, amma ba a jin labarin mutane suna faɗuwa a bakin motocinsu, kuma alƙaluman ƙasashe irin su Suwidin sun nuna motocin lantarki ba su kai na fetur yawan kamawa da wuta ba. Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a yi amfani da batun nan don tsoratar da mutane daga motar lantarki ba. Amma haɗarin da ke buƙatar abu biyu su haɗu yana ƙaruwa ne da yawa da kuma shekaru. Mafi yawan cajojin nan sababbi ne. Sukurorinsu ba su sha damina goma ba tukuna. Birtaniya ta riga ta ɗanɗana sakamakon tsarin da kowa ke riƙe da takarda amma babu mai dubawa da gaske. Gobarar benen Grenfell a Landan a 2017 ta ci rai 72, kuma rahoton Judith Hackitt na 2018 ya kammala cewa tsarin sa ido a kan dogayen gine-gine bai dace da aikinsa ba. Jiran gawa kafin a yi gyara hanya ce da aka gwada, an ga ƙarshenta.

Hujja ta biyu ta masu sana'ar ce, kuma ta fi ƙarfi. Masu duba wayarin suna rarraba aibi da lambobi: C1 haɗari a take, C2 abin da ke iya zama haɗari, C3 shawarar gyara. Iyakar da ke tsakanin C2 da C3 ba a dutse aka sassaƙa ta ba. Ƙwararru biyu suna iya duba aiki ɗaya su saɓa. An daɗe ana muhawara, misali, a kan ko kariyar da aka gina a cikin caja ta cika sharaɗin RCD ko sai an ƙara wata a waje. Don haka, in ji su, adadin 66 yana iya zama an kumbura shi. To, a ba su rabi kyauta. Saura 33 cikin 371, wato ɗaya cikin goma sha ɗaya. Wa zai hau jirgin da aka ce masa ɗaya cikin goma sha ɗaya na irinsa yana da matsala? Saɓanin ma'auni dalili ne na a fito da ma'aunin fili, a ba wanda aka tuhuma damar ɗaukaka ƙara. Bai zama dalilin daina awo ba.

Ta uku ita ce kuɗi da jinkiri: ƙasa tana gaggawar rabuwa da fetur, ƙarin bincike zai tsadantar da caja. A yi lissafi na misali. In za a duba biyu cikin kowane ɗari, kuma kowace ziyara ta ci fam 250, an kashe fam 500 a kan ayyuka ɗari, wato fam 5 a kan kowane aiki, a kasuwar da kafa caja ke cin kusan fam 1,000. Wanda zai fi kowa amfana kuwa shi ne mai wayarin na ƙwarai. Shi ne ke ɓata awa guda yana gwaji, ya sayi RCD mai tsada, ya ƙi aiki in fis ɗin gida bai isa ba, sannan ya ga wani ya karya farashi ya ƙwace masa ciniki, alhali takardunsu iri ɗaya ne a idon mai gida. Inda babu mai dubawa, kasuwa tana hukunta mai gaskiya ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Irin binciken da zai yi amfani

Ba kowane bincike ne ke da amfani ba. Wanda ya tsaya a duba hotuna da takardu a ofis zai kama wanda ya manta cike gurbi, ya bar wanda ya ƙirƙiri lambobin gwaji yana zaune a mota. Binciken da nake kira a yi yana da sharuɗɗa. Mai binciken ne zai zaɓi gidan da zai je, daga jerin ayyukan da aka sanar, ba tare da mai aikin ya sani ba. Albashinsa zai fito daga asusu na bai-ɗaya da ake tarawa daga ɗan kuɗin da ake cirewa a kan kowane aiki, yadda babu kamfanin da zai iya yi masa barazanar ƙaura. Zai buɗe akwati ya auna da kansa. Za a rubuta sunan wanda ya riƙe sukuddireba, ba na mai sa hannu kaɗai ba. In aka sami aibi mai haɗari, za a koma a duba sauran ayyukan wannan hannu, domin mai kuskure ɗaya yakan maimaita shi a gida hamsin. Kuma za a wallafa sakamako duk shekara, a ga ko ɗaya cikin biyar ɗin nan yana raguwa.

Kafin gwamnati ta motsa, mai gida yana da nasa. Ya nemi takardar shaidar aikin lantarki mai ɗauke da lambobin gwaji na gaske, da takardar cika dokokin gini, da shaidar an sanar da kamfanin rarraba wuta. Ya tambaya a nuna masa yadda aka kare shi daga tsinkewar PEN, da nau'in RCD da aka sa. Ya riƙa danna maɓallin gwajinta duk wata shida kamar yadda littafin ya tanada. Mai aikin da ya san abin da yake yi zai amsa cikin minti biyu. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba da amsa.

Inda maganar ta taɓa mu

Nijeriya ta gaji wayarin ɗinta daga Birtaniya: filogi mai ƙafa uku, wuta mai bolt 230, da littattafan da ake koyarwa a makarantun fasaha. Motocin lantarki kuma sun fara shigowa. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan motocin haya masu lantarki. Tun cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuma, babur da keke masu batir sun ƙara samun kasuwa. Akwai hukumar da doka ta ɗora wa duba ayyukan lantarki da ba masu wayarin shaidar ƙwarewa, wato NEMSA, wadda dokar kafa ta ta fito a 2015.

Sai dai kwafar littafin Birtaniya shafi da shafi ba za ta fisshe mu ba. Gida ɗaya a Kano yana iya shan wuta daga kafa uku, ta kamfani da janareta da inbata, kuma duk lokacin da aka juya makunni, dangantakar nutiral da atin tana iya canzawa. Sandar ƙasa da aka auna da damina ba ita ce ta watan Maris ba, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau. Na'urar da ke yankewa in wuta ta sauka ƙasa da bolt 207 za ta wuni tana yankewa a unguwannin da ba su san cikakkiyar wuta ba, har mai gida ya gaji ya kira yaro ya zagaye ta da guntun waya. Waɗannan tambayoyi ne da injiniyoyinmu za su amsa da ƙa'idar da ta dace da ƙasarmu, kuma lokacin amsa su yanzu ne, tun cajojin suna ƙirguwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da za a ɗauka daga Birtaniya shi ne abin da binciken nan ya fallasa. Ƙasa ce mai littafin ƙa'ida na sama da shekara 140, da ƙungiyoyin rajista, da takardu ga kowane aiki. Duk da haka, ranar da aka tura wani ya buɗe akwatuna 371, ya tarar da 66 ba yadda takardunsu suka ce ba. Sauran dubban da ba a buɗe ba suna nan a jikin bangaye, kuma yau da dare ma za a jona musu motoci.